Ma'ajiya Ta Cika

Rumfata tana ƙarƙashin titi a Tbilisi,
motoci na bi ta kanmu kamar tsawar da ba ta kawo ruwa.
Dama da ni mai yanka makulli, hagu mai safa.
Taku uku ce faɗinta:
ni Gocha, da fitila ɗaya,
da kusoshin da ƙwayar gero ta girme su.

Tambayoyin ba sa canjawa, fuskoki ne ke canjawa.
Batir na mutuwa kafin rana ta raba?
Rage hasken gilashin,
ka kori manhajar da ke bin sawunka har cikin barci.
Ta faɗa ruwa? Kada ka kunna ta.
Shinkafa ba asibiti ba ce, abincin dare kawai za ka ɓata.
Wai ka ci kyautar mota. Ka shiga gasa?
To, kai ne kyautar, ɗan'uwa.
Kuma shekarar haihuwarka ba lambar sirri ba ce,
ko surukarka ta san ta.

Ran Talata sai ga Tsiala,
ƙanƙara na narkewa a kan gyalenta,
waya ƙunshe cikin hankici kamar ƙwai.
Ta ce, ɗana, wai ma'ajiya ta cika.
Kwana shida hoton jikata na tsaye a bakin ƙofa daga Atina,
an hana shi shiga.

Na buɗe.
Manhajar tocila huɗu.
Ta hasashen yanayi biyu, ba sa ga maciji da juna,
ɗaya ta ce rana, ɗaya ta ce hadari.
Furannin barka da safiya ɗari tara daga maƙwabciya.
Hoton babban yatsanta, sau arba'in.
Ina gogewa tana dariya,
kamar mai kallon ana share mata tsakar gida.

Sai saƙonnin murya. Ɗari uku da sha biyu,
duka daga suna ɗaya.
Yatsana bai sauka ba ta cafke hannuna.
Ashe akwai sauran ƙarfi a wannan hannun.

Ta latsa guda.
Hayaniyar kasuwa, tari, sannan:
Tsiala, wane wake kika ce, ja ko fari?
Daƙiƙa tara.
Otar ne, ta ce. An binne shi lokacin tsinkar inabi.
Ta sunkuya kan wayar ta ce, ja.

Na daɗe ina gyara zaman fitila.

Na ce, Baba, waya ma mutuwa take yi.
Abin da ke wuri ɗaya, ba ya ko'ina.
Mu kwafe shi a ɗan kati, mu kuma ɗora shi a gajimare.
Ta ce, gajimare? Wanda ke zubar da duk abin da ya ɗauka?
Na ce suna ne kawai,
wani gida ne can nesa, cike da injuna masu sanyi.
Ta ce Otar ba ya son sanyi.
Amma ta yarda.

Katin bai kai farcenta ba.
Ta naɗe shi a hankicin, wayar ta koma aljihu tsirara.
Na ƙi lari biyar ɗinta, ta ajiye mini tuffa uku.
Tana kan matakala wayar ta yi ƙara,
ta dawo da sauri tana nuna mini:
yarinya ce, da giɓi biyu, da jakar makaranta.

Da dare na rufe rumfa.
Na rubuta wa mahaifiyata a Kutaisi:
yaya ake dafa jan wake?
Na sani sarai.
Na dai san ba ta iya rubutu a waya,
sai ta danna, ta yi magana.